Kayan Kakanninmu na Hannun Baƙi: Kudancin Kaduna, Mu Tashi Kafin 2027

Jama'ar Kafanchan da Kwoi da Kagoro, mutanen Zonkwa da Kachia da Kagarko da Gwantu, da duk wanda aka binne cibiyarsa a Kudancin Kaduna ko da yanzu yana zaune a Legas ko a Landan, ku kasa kunne. A watan Yunin 2025 ƙasar Holan ta miƙa wa Nijeriya kayan tagulla 119 na masarautar Benin. Kafin ita, a ranar 1 ga Yulin 2022, Jamus ta sa hannu ta saki mallakar fiye da guda 1,100 da ke gidajen tarihinta, kuma a Disambar shekarar ministar harkokin wajenta ta zo Abuja da ƙafarta ɗauke da kashin farko. A Oktoban 2021 Jami'ar Aberdeen ta mayar da kan wani Oba, wata kwaleji a Cambridge ta mayar da zakaran tagulla. Gidan tarihi na Horniman a Landan ya saki 72, Smithsonian na Amurka ya saki 29. Mun ji a rediyo, mun gani a wayoyinmu, mun taya mutanen Edo murna, kuma sun cancanci murnar. To, namu fa? Wa ke ƙirga namu? Wa ke buga ƙofa a kansu?

Ku tuna yadda na Benin suka tafi. A Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya suka afka wa birnin, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fada, wuta ta ci garin, aka kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba inda ya rasu a 1914. A da, kawunan tagullar a kan bagadan kakannin sarakuna suke zaune. Allunan tagulla kuwa don ginshiƙan fada aka zuba su, suna ɗauke da labarin yaƙe-yaƙe da bukukuwa da baƙin da suka zo daga Fotugal. Aka yi gwanjonsu a Turai, suka warwatsu. Har yau Gidan Tarihin Birtaniya na riƙe da fiye da 900, yana fakewa da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke rumbunsa.

Naci ne ya dawo da waɗanda suka dawo. Tun shekarun 1930 Oba Akenzua na Biyu yake neman kayan gidansu. A 1977, lokacin bikin FESTAC a Legas, Nijeriya ta nemi aron fuskar hauren giwa ta Idia, uwar sarki, wadda ita ce tambarin bikin, aka hana ta. Mutanen Benin ba su yi zuciya sun bari ba. Sarki ya rasu, wani ya hau, maganar tana nan daram, har zuwa kan Oba Ewuare na Biyu. A 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai ɗauke da hoto da bayanin kayan Benin fiye da 5,000 da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Wanda ya je neman kayansa da lissafi a hannu, da wuya a sallame shi da daɗin baki.

Mu kuwa abin da ke ƙarƙashin gonakinmu ya girmi tagullar Benin da kusan shekara 2,000. Duniya ta san shi da sunan wani ƙauye namu na ƙasar Ham, wato Nok, a ƙaramar hukumar Jaba. A 1928 lebura masu haƙar kuza a kwarin Nok suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, Kanar Dent Young mai wurin haƙar ya kai shi Jos, ya zauna can shekaru ba wanda ya san matsayinsa. A wajejen 1943 wani akawun kamfanin kuza a ƙasar Jama'a, nan kusa da mu, ya samu wani kai babba. Ya kai shi gonarsa ta doya ya ɗora a kan mutum-mutumi don korar ɓarna. Daga can manajan wurin ya ɗauke shi ya kai wa wani matashin jami'in mulki a Jos mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin kufai. Fagg ya haɗa shi da na 1928, ya ga hannu ɗaya ne, ya raɗa wa al'adar suna Nok. Wannan kai shi ne littattafan duniya ke kira Kan Jama'a. Yaro a makarantar koyon zane a Faransa ko Amurka ya san hotonsa. Ku tambayi ɗan sakandare a Kafanchan, garin da fadar Sarkin Jama'a take, ku ji ko ya taɓa jin labarinsa.

Duk wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin waɗannan siffofi ya san magini ne na gaske ya yi su. Ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, hanci da baki da kunne duk a huje don kada iska ta fasa yumɓun cikin wuta, ciki rarake kamar na tukunya, kitso iri-iri, tsakiya da duwatsun ado a wuya da ƙugu da idon sawu. Ga mai zaune ya ɗora haɓa a gwiwa, ga mai gemu, ga wanda ciwo ya taɓa masa fuska, ga maciji da biri da giwa. A Pangwari an tono wani mai siffar kwalekwale da mutum biyu a ciki. Masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara aiki a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp suka kuma kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko, sun nuna cewa mutanen nan sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa Almasihu, sun kuma fara gina siffofin tun wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Gero suke nomawa da wake, suna cin atili, wannan atilin dai da matanmu ke sayarwa a bakin titi har yau. A 2021 aka gano burbushin kakin zuma a jikin tukwanensu, shaidar cewa shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a ƙasar nan.

Maganar ƙarfe kuwa, a nan ma muna sahun gaba. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, Fagg ya tono tanderun narka tama a shekarun 1960, masu shekaru fiye da 2,000, suna cikin mafiya daɗewa da aka sani a Afirka ta Yamma. Tun kafin a zuba tagullar Igbo-Ukwu, kafin ta Ife, kafin ta Tada a ƙasar Nufe, kafin ta Benin, akwai masu zuga wuta a tsakiyar Nijeriya suna fitar da ƙarfe daga dutse. Duk wanda zai ba da labarin ƙira a wannan yanki na duniya, dole ya bi ta ƙofar gidanmu.

Ɗibar kayanmu ta fara tun zamanin Turawan mulki. Manjo Tremearne ya yi aiki a Jama'a a wajejen 1909, ya jagoranci sintirin soja a kan Kagoro da maƙwabtanta, sannan a 1912 ya wallafa littafin da tun daga sunansa ya kira kakanninmu masu jela, mafarautan kawunan mutane. Kayan da ya tattara a Arewacin Nijeriya sun shiga gidajen tarihi na Oxford da Cambridge. Irinsa ba shi kaɗai ba ne: joji da di'o da ɗan mishan da manajan kuza, kowa ya koma gida da tsarabarsa. Muna da hakkin sanin abin da aka ɗauka daga Agworok da Bajju da Atyap da Ham da Ninzo da Asholio, a wane gari, a hannun wa, da yarda ko da bakin bindiga. Gidajen tarihin nan suna da rajista. Wanda ya rubuta ya tambaya, ana ba shi amsa. Mu ne ba mu tambaya ba.

Amma babbar ɓarnar ba Bature mai hular kwano ne ya yi ta ba, kuma a nan ne magana take da ɗaci. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, dillalai suka shigo ƙauyuka da kuɗi a jaka. Aka watsar da noma aka koma haƙa. Daga Kawu zuwa ƙasar Kagarko da Kachia da Jaba, mutane suka yi dafifi a kan tuddai da diga da shebur, aka mai da kufai ramuka-ramuka. Abin da aka yi mana shi aka yi wa Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara da wasu wurare a ƙasar Katsina. Kaya ya bi ta Kwatano da Lome, ya bulla a shagunan Beljiyam da Faransa da Suwizalan. Da ɗan gari akan ci gari. Dillalin Turai bai san hanyar tudun ba. Ɗanmu ne ya nuna, ɗanmu ya haƙa, ɗanmu ya naɗe a buhu, aka ba shi abin da bai wuce kuɗin taki ko na ɗaurin aure ba, aka sayar da kayan can a kan kuɗin da zai gina makaranta sukutum. Ba na zagin talakan da yunwa ta kora daji. Na san abin da ake nufi da yaro ya kwanta zazzaɓi babu kuɗin magani. Amma a faɗi gaskiya: an cuce shi, shi kuma ya cuci jikokinsa.

Asarar ta wuce ta siffar kanta. Idan masani zai tona wuri, yakan bi ƙasa sannu-sannu, ya auna zurfin kowane abu, ya tsince gawayin da za a gwada a san shekarunsa, ya tace ƙasa ya fitar da ƙwayar hatsi, ya lura da yadda aka jera duwatsu da tukwane. Ta haka aka gane cewa sau da yawa da gangan mutanen Nok suke fasa siffofin su binne gutsattsarin, a kusa da wuraren da ake ɗauka kaburbura ne. Mai haƙar dare kai kawai yake nema. Ya fasa tukunya, ya watsar da gawayi, ya karya gangar jiki ya jefar. Kan da ya fito ta wannan hanya ya zama bebe, ba zai ƙara faɗa wa kowa wane ne ya gina shi ko don me ba. Masanan Frankfurt sun tarar da mafi yawan wuraren da suka ziyarta an riga an tone su. Ana iya dawo da kan da ke Faransa a jirgi. Ramin da aka hargitsa ya tafi ke nan har abada.

A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jan kundi na kayan Afirka da aka haramta cinikinsu, kayan Nok na ciki. A watan Afrilun wannan shekarar dai, gidan tarihi na Louvre a Faris ya buɗe sabon zaure na fasahar Afirka da sauran nahiyoyi, aikin da Shugaba Jacques Chirac ya ɗauka da muhimmanci. A cikin abin da aka baje har da siffofin Nok biyu, kuma akwai ta uku irin ta Sakkwato, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga hannun wani dillali a Beljiyam. Dokar Nijeriya ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba tun 1953, aka ƙara ƙarfafa ta da doka mai lamba 77 ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Masana suka yi ca, Farfesa Colin Renfrew na Cambridge ya soki Chirac a bainar jama'a. Daga ƙarshe, a 2002, zamanin Shugaba Obasanjo, aka ƙulla yarjejeniya: Faransa ta amince kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Ku yi lissafi. Wa'adin zai cika a 2027. Lokacin da aka ba da aron nan ba a tambayi mutumin Nok ba, ba a tambayi na Kwoi ba. Idan muka yi shiru, za a sabunta shi a wani ofis a Abuja, mu ji labari bayan an gama, ko ma ba za mu ji ba.

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa. A 2012 Amurka ta mayar da siffofin Nok 10. A 2013 Faransa ta mayar da guda 5 da jami'an kwastan suka kama a 2010. A 2014 gidan tarihi na Boston ya mayar da kaya 8, biyu daga ciki na Nok. Faransar nan dai ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey 26 a 2021, kuma a 2024 kayan zinariyar Asante 32 suka koma Kumasi, ko da yake aro aka ce, abin da ba za mu yarda a yi mana ba. Ƙofa ta buɗe. Sai dai ku tambayi kanku: cikin waɗanda suka dawo, nawa ne suka iso ƙasar da aka tono su? Ana karɓa a Abuja ko Legas, a ɗauki hoto, a sa a ɗakin ajiya. Hatta kayan da aka tono bisa ƙa'ida a yankin Janjala, mutanen Frankfurt ne suka fara kallonsu a baje kolin 2013 kafin a dawo da su Nijeriya, abin da ya sa wasu masananmu, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka yi ƙorafi. Akwai ɗan gidan tarihi a ƙauyen Nok, amma bai yi daidai da sunan da duniya ta sani ba. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sanarwa a hukumance cewa Oba na Benin shi ne mai kayan Benin da aka dawo da su. Idan an yarda kayan Benin su koma Benin, da wane dalili na Nok za su tsaya a Legas?

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu, a masallaci da majami'a duka: gumaka ne, me za mu yi da su? 'Yan uwa, ba wanda ya ce a yi musu sujada ko a yanka musu kaza. Masu bautar da aka yi da su, in ma an yi, sun shuɗe shekara 2,000 da suka wuce. Abin da ya rage shaida ce. Misira ƙasar Musulmi ce, ga Azhar a cikinta, ga tsohuwar majami'ar Kibɗawa, amma tana tsare da kayan Fir'auna, tana karantar da 'ya'yanta da su, tana cin abinci da su. Habasha ta yi ta naci har Italiya ta mayar mata da dogon dutsen Aksum a 2005, ba wanda ya ce Kiristocin Habasha sun bar addini. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka ɗauka a Burmi a 1903 an mayar da ita Sakkwato a 1960, kuma kowa ya san ƙyalle ne, amma kowa ya san abin da dawowarta take nufi. An daɗe ana gaya wa mutanen yankin nan cewa ba su da tarihi, cewa a kan duwatsu aka same su tsirara ba su san komai ba. Tremearne ya rubuta, wasu suka maimaita, har wasunmu suka gaskata. Kowane kai na Nok amsa ce ga wannan ƙarya. Wanda ya fasa shi da sunan addini ko ya sayar da shi da sunan kawar da ƙazanta, ya taimaki mai zaginsa.

Wasu kuma za su ce ba za mu iya tsare su ba, gara su zauna inda suke. Ba za mu ɓoye ba: a 1987 ɓarayi sun shiga gidan tarihi na Jos, wanda Fagg ya buɗe a 1952, sun kwashe kaya masu daraja har da kan tagulla na Ife. A Fabrairun 2017 'yan bindiga sun sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawunsu don ceto. Allah ya jiƙansu, sun ba da rayukansu saboda baƙon da ya zo aiki a ƙasarsu. Duk wannan gaskiya ne. Amma a 2023 Gidan Tarihin Birtaniya da kansa ya amsa cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a rumbunsa, ba wanda ya ce a kwashe sauran a kai wata ƙasa. Rashin tsaro dalili ne na a gina wuri mai ƙarfi, a ɗauki ma'aikata, a biya su, a yi wa kowane abu hoto da lamba. Bai taɓa zama hujjar da mai riƙe da kayan sata zai ci gaba da riƙewa ba.

Akwai mai cewa ana kashe mutane, citta ta lalace a gona, wa yake ta tukwane? Ina jin wannan har cikin raina. Mun ga rikicin 1987 a Kafanchan, mun ga na 1992 a Zangon Kataf, mun ga na 2011, mun binne waɗanda muka binne daga kowane ɓangare. Shi ya sa ma nake ganin wannan magana ta zo a kan gaɓa. Kufan Nok ba su san iyakar masarauta ba. Sun shimfiɗu daga jihar Neja zuwa Filato, daga Kachia zuwa Nasarawa har Katsina-Ala a Binuwai. Waɗanda suka gina siffofin nan sun riga Musulunci da Kiristanci zuwa ƙasar nan, sun riga sunayen ƙabilun da muke faɗa a kansu. Ba mu da abubuwa da yawa da Bajju da Bahaushe da Ham da Bafulatani da Adara da Gbagyi za su tsaya a kai su ce namu ne gaba ɗaya. Ga ɗaya. Kuma ba maganar zuci kaɗai ba ce: gidan tarihi na gaske a Nok, ga tsaunin Kagoro, ga ruwan Matsirga, ga bikin Afan ranar 1 ga Janairu da Tuk Ham a Kwoi, duk a tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Abuja, aiki ne ga direba da mai masauki da mai abinci da maginiyar tukwane.

Saboda haka, iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe, da ku zan fara. Kpop Ham, Sarkin Jama'a, Agwam Fantswam, Agwatyap, Agwam Bajju, Sarkin Kagoro, Sarkin Kagarko da sauran iyayen ƙasa, abin da ya ba Benin nasara shi ne fada ta riƙe maganar ba ta sake ba. Ku zauna wuri guda, ku fitar da takarda ɗaya mai ɗauke da hatimin kowa, a kai wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a kai wa ministar al'adu, a kai kwafi ofishin jakadancin Faransa a Abuja. Abu uku za ta ƙunsa: kada a sabunta aron 2002 ba tare da shawararmu ba, a ba mu jerin duk kayan Nok da aka dawo da su Nijeriya da inda suke ajiye, sannan a fara shirin dawo da su ƙasar da suka fito. Ku kuma umarci hakimai da dagatai da masu unguwa cewa daga yau duk baƙon da ya zo neman tsofaffin tukwane, a kai shi gaban hukuma.

Gwamnan Kaduna, sanatanmu da 'yan majalisarmu na tarayya da na jiha, ku ma da ku ake. Dokar 1979 ta tsufa, tarar da ke cikinta ta zamanin da Naira take Naira ce, ba ta tsorata dillali. Ku kai ƙudurin gyara ta. Ku sa gidan tarihin Nok da hanyar zuwa can a kasafin kuɗi, a rubuce, da adadi, yadda za mu iya bin sawu. Ku sa labarin Nok a manhajar firamare ta jiha.

Malamai da fastoci, mimbari a hannunku yake Juma'a da Lahadi. Kalma ɗaya daga bakinku cewa sayar da amanar al'umma haram ne, zunubi ne, ta fi 'yan sanda ɗari tasiri a ƙauye.

Ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia, aikin lissafin nan naku ne. Gidajen tarihi da dama sun zuba kundinsu a intanet. Ku shiga ku nemi Nok, ku nemi Kagoro, ku nemi Jaba da Kaje da Kataf da sauran tsofaffin sunayen da Turawa suka rubuta mu da su, ku kwafe lamba da hoto da sunan wanda ya kai. Ku je wurin tsofaffi da na'urar ɗaukar murya kafin su tafi, ku tambaye su abin da aka ɗauka a garinsu da shekarar da aka haƙa tudun bayan gari. Wasunku su karanci ilimin kufai a Zariya ko Jos, su bi sawun irin su Joseph Jemkur wanda ya yi rubutu a kan Nok, don gobe ɗan ƙasa ya riƙe cokalin tono a gonar ubansa. Ku da ke Turai da Amurka kuwa, duk inda kuka ga kan Nok, a gidan kallo ko a takardar gwanjo, ku ɗauki hoto ku turo gida, ku rubuta wa masu wurin ku tambaye su takardar izinin fitar da shi daga Nijeriya.

Kai kuma manomi, ɗan uwana, kai ne mai gadin farko. In garmarka ta ci karo da kai ko gutsuren siffa, kada ka ciro, kada ka wanke, kada ka kira dillali. Mayar da ƙasa ka rufe, ka sa alama, ka gaya wa mai unguwa, a sanar da ma'aikatan gidan tarihi na Nok ko na Kaduna ko na Jos. Ka nemi a rubuta sunan garinku a jikin bayanin, don duk wanda ya zo kallo ya san daga ina ya fito.

Tun ran gini ran zane. Takardar sarakuna ta isa Abuja kafin shekarar 2027 ta kama. Kowace ƙungiyar ci gaban gari, ta maza da ta mata da ta matasa, ta sa maganar nan a taronta na gaba, ta zaɓi mutum biyu da za su bi ta, ta kuma aika wa ɗan majalisarta tambaya a rubuce: me ka yi a kan kayan Nok?